Karatun Ƙwaƙƙwafi da Nazarin Taurari a Labarin da Aka Tsara a Waƙe

Adabin Hausa da ake koyarwa a ƙananan makarantun sakandare ya kasu gida uku: zube, waƙa, da wasan kwaikwayo. Wannan rabo ya zauna daram a zukatan malamai da ɗalibai, har ana ganin kowane gida da irin tambayoyinsa. In an zo kan zube sai a tambayi tauraro da halinsa. In an zo kan waƙa sai a tambayi jigo da amsa-amo da yawan baitoci. Amma akwai rubutun da ya haɗa gida biyu, wato labarin da aka tsara a waƙe, mai mutane da rikici da warwarewa, duk a cikin baitoci. A kan irin wannan rubutu ake yawan samun ruɗani. Wasu na cewa baƙon abu ne na Turawa, wasu na cewa ya fi ƙarfin yaro ɗan shekara 12 zuwa 15, wasu kuma na ganin da zarar yaro ya haddace waƙa ya rera ta da zaƙin murya to aiki ya kammala. Makarantun Jega da Aliero da Maiyama, har da na garuruwa irin su Jiga Birni, sun dace a duba lamarin ta kansu, domin ƙasar tana da gadon waƙa mai yawa, kuma bakin yaranta yana kusa da harshen tsofaffin waƙoƙin.

Ma'anar kalmomi

Ƙagaggen labari a waƙe littafi ne guda mai ba da labari ɗaya dogo daga farko har ƙarshe, kamar yadda Ruwan Bagaja ko Shehu Umar suke yi, sai dai an zuba shi cikin ɗangogi da baitoci maimakon sakin layi. Ɗango shi ne layi ɗaya na waƙa. Baiti, kalmar da aka aro daga Larabci, shi ne dunƙulen ɗangogi biyu ko uku ko biyar da ke tafiya tare. Amsa-amo, wanda malaman zaure ke kira ƙafiya, shi ne sautin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗango ko baiti. Labari a waƙe ya bambanta da diwani, wato tarin waƙoƙin mawaƙi ɗaya, domin a diwani kowace waƙa cin gashin kanta take yi, a labari kuwa abin da ya faru a shafi na uku yana da sakamako a shafi na arba'in.

Karatun ƙwaƙƙwafi shi ne a ɗauki ɗan guntun matani, wato ainihin kalmomin da ke rubuce, a karanta shi fiye da sau ɗaya cikin natsuwa, ana tambayar me ya sa aka zaɓi wannan kalma aka bar waccan, me aka faɗa, me aka yi shiru a kai, kuma kowace amsa a nuna hujjarta a cikin matanin. Sharaɗinsa ke nan: ba a karɓar ra'ayi sai da shaida daga shafin da ke gaba.

Tauraro shi ne mutum, ko dabba, ko wani abu da aka ba rai, wanda labari ke gudana a kansa. Akwai babban tauraro da ƙanana. Nazarin taurari kuwa gano halinsu ne da dalilin ayyukansu da yadda suka sauya ko suka ƙi sauyawa. A waƙa akwai ƙarin mutum guda da ake yawan mantawa da shi, shi ne mai magana, muryar da ke cewa "ni" a cikin baitoci. Ba lallai ne ya zama shi ne marubucin ba, kuma raba waɗannan biyu na daga cikin abubuwan farko da ɗalibin aji ɗaya ke buƙatar sani.

Asalin nau'in da abin da Hausa ke da shi

A adabin Turai ana yawan kafa misali da Eugene Onegin na Pushkin, mawaƙin Rasha, wanda ya fito a cike a 1833. A Afirka akwai Song of Lawino na Okot p'Bitek ɗan Yuganda, da ya fito da Ingilishi a 1966 bayan an fara tsara shi da harshen Acholi. Mace ce ke magana tun daga farko har ƙarshe tana kukan mijinta da boko ya juya wa kai, kuma daga bakinta kaɗai mai karatu ke gane halinta da nasa. Shigar nau'in ajin yara ta fi ƙarfi a Amurka, musamman bayan Out of the Dust na Karen Hesse a 1997 da The Crossover na Kwame Alexander a 2014, waɗanda dukansu suka ci lambar Newbery ta littattafan yara. Malaman can sun rungume shi ne saboda gajerun layuka ba sa tsorata yaron da ke gudun littafi mai kauri, alhali kowace kalma tana ɗauke da nauyi. Shi kuwa karatun ƙwaƙƙwafi a matsayin hanyar koyarwa ana danganta shi da I. A. Richards na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya riƙa ba ɗalibansa waƙoƙi ba sunan mawaƙi ba tarihi, ya ce su faɗi abin da suka gani, ya kuma wallafa sakamakon a 1929.

A Hausa, ƙagaggen labari na boko da zube ya fara, daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, kuma a zube ya ci gaba har zuwa littattafan kasuwar Kano. Saboda haka littafi guda na ƙagaggen labari a waƙe bai zama sanannen nau'i ba. Wannan ne ya sa ake cewa abin baƙo ne. Sai dai ba da labari cikin baitoci ya girmi gasar 1933 nesa ba kusa ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara tarihin Shehu Usmanu da hijira da yaƙe-yaƙe a waƙe da Fulatanci, ana kuma da waƙar a Hausa da sunan Waƙar Gewaye. Tarihin da take bi bai yi nisa da yaran wannan yanki ba: harin da aka kai wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, kusa da Jega, na cikin abubuwan da suka kai ga hijirar 1804, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega. Malam Abdullahi na Gwandu ya haɗa waƙa da labari a Tazyinul Waraƙati, da Larabci, a 1813. Waƙar Bagauda ta jero sarakunan Kano. Waƙoƙin sira da na yaƙoƙin Musulunci suna nan a bakin makafi masu bara da ɗaliban Islamiyya.

A ƙarni na 20 an sami waƙoƙin da suka fi kusa da abin da ake nema a aji, wato masu zana mutum. Waƙar Keke ta Aliyu Namangi labari ce ta raha. Mu'azu Haɗeja ya zana mashayi da karuwa. Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a ƙasar Jega a 1918 kafin ya yi zaman Kano da Maiduguri, ya fito da mace guda ƙiri-ƙiri a 'Yar Gagara, cikin diwaninsa Fasaha Aƙiliya. Ta ɓangaren waƙar baka abin ya fi yawa. Ɗan Anace ya mai da ɗan dambe Shago tauraro mai tarihi da abokan karo irin su Ɗandunawa. Narambaɗa ya yi wa doki waƙar sukuwa mai farko da ƙarshe. Muhammadu Gambo na Fagada, ɗan wannan yanki, ya cika waƙoƙinsa da labaran ɓarayi masu suna da hali. Ko tatsuniyar da kaka ke yi da dare, sau da yawa a ɗan waƙen da ke tsakiyarta ne yarinyar labarin ke faɗin abin da ke ranta.

Shi ma karatun bin kalma ɗaya-ɗaya ba baƙo ba ne a wannan yanki na ƙasar Gwandu. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ana ɗaukar Ishiriniya ko Burda ya san yadda ake tsayawa kan kalma guda, a fassara ta, a faɗi matsayinta a nahawu, a kawo dalilin zuwanta a wurin. Bambancin ɗaya ne, amma babba: a zaure malam ne ke ba da ma'ana almajiri ya karɓa, a karatun ƙwaƙƙwafi na aji kuwa ɗalibi ake so ya nemo ma'anar da kansa ya kare ta.

Abin da ya jawo ruɗanin

Dalili na farko yana cikin littattafan nazari da malamai suka taso da su. Hanyar feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a Gadon Feɗe Waƙa, da wadda Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, da ayyukan Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kan jigo da salo, sun ba Hausa kalmomin nazari masu inganci: jigo da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe. An tsara su ne domin manyan ɗalibai, kuma sun yi aikinsu. Matsalar ta taso ne da aka sauko da kanun kawai zuwa ƙananan azuzuwa aka bar ruhin aikin a baya. Yaro zai iya rubuta cewa waƙa ƙwar biyar ce, wato mai ɗango biyar a kowane baiti, amsa-amonta "ba" ne, jigonta gargaɗi ne, ya ci maki, bai kuwa san wa ke magana a cikinta ba. Tauraro ba ya cikin jerin kanun waƙa, don haka ba a tambayarsa.

Na biyu jarrabawa ce. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ƙaramar sakandare ta zama ƙarshen shekaru tara na ilimin tushe, wanda hukumar NERDC ke tsara wa manhaja, wato jerin abin da za a koyar. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar BECE, kuma kaso mai yawa na tambayoyinta na zaɓi-ɗaya ne. Tambayar da amsarta ke cikin harafi ɗaya ta fi son abin da ake ƙirgawa. Malami kuwa, ko ya so ko ya ƙi, yana koyar da abin da za a tambaya.

Na uku halin aji ne. Darasi minti 35 ko 40 ne, yara sun yi yawa, littafin sau da yawa ɗaya ne a hannun malami, rabin lokaci a kwafar allo yake tafiya. Lokacin dashen albasa da cirarta a Aliero, ko yankan shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara, ko ranar kasuwa, wasu kujeru kan zauna babu kowa. Sai kuma kallon da wasu iyaye ke yi wa kalmar waƙa, wadda a kunnensu tana tafe da kiɗa da roƙo da fim.

Yadda karatun ke gudana a aji

Abin lura shi ne ƙarancin littafi, wanda ke kashe darasin dogon labarin zube, bai cika cutar da wannan hanya ba. Baiti uku sun isa darasi guda, kuma allo zai ɗauke su. Ga misali da aka ƙaga domin wannan bayani kawai, ba tare da tsaurara ma'auni ba. Mai magana yaro ne da aka aika kasuwa ya sayar da buhun albasa:

Baba ya ƙirga kuɗin har sau biyu,
Bai ce da ni uffan ba, sai ya tashi.

Na ce wa Inna kasuwa ce ta faɗi,
Ina ta kallon ƙasa, ina nishi.

Sabon takalmina yana cikin rumbu,
Ƙarƙashin dawa, ko ni ban son ganinshi.

Karatun farko na kunne ne. Malami ya karanta da ƙarfi, ko ya rera, yara su saurara, sannan a yi tambayoyin da kowa zai iya amsawa: mutum nawa ne a ciki, wa ke magana, ina ake. A nan ake kama wanda ya ɓace tun daga farko.

A karatu na biyu ake ɗaukar alli. Wace kalma ce za a cire ma'ana ta sauya? In an goge "har sau biyu", uban ya zama mutum mai ƙirga kuɗi kawai. Da ita kuwa an san ya ga giɓi, ya sake dubawa don kada ya zalunci ɗansa da zato. "Uffan" ta nuna irin uban: ba mai faɗa ba ne, shirunsa ne hukuncinsa. Yaro mai lura zai gano cewa ba Baba aka yi wa bayanin faɗuwar kasuwa ba, Inna aka yi wa, kuma ba wanda ya tambaya. Me ya sa? Nan gardama mai amfani ke tashi. Wani zai ce tsoron uban yake ji, wata ta ce so yake uwar ta shiga tsakani. Duka biyun karɓaɓɓu ne muddin an nuna ɗangon da aka dogara da shi. Wanda ya ce yaron maraya ne kuwa, sai a nemi ya nuna inda ya gani, in ya rasa ya janye.

Karatu na uku na abin da ba a faɗa ba ne. Babu inda yaron ya ce ya taɓa kuɗin. Takalmin da ke ƙarƙashin dawa ne ya tona shi, kuma ɗalibi ne ya haɗa baiti na uku da na farko ya fitar da hukunci. Kalmomi biyu, "ko ni", su suka hana a yanke masa hukuncin ɓarawo kai tsaye, domin sun nuna abin da ya saya ya zame masa nauyi. A nan ake raba mai magana da gaskiyar labari: yaron ya yi wa Inna ƙarya, amma bai yi wa mai karatu ba. Daga nan sai a duba abin da waƙa ta yi wanda zube ba zai yi ba. Amsa-amon ya faɗa kan tashi da nishi da ganinshi, wato tafiyar uba da damuwar ɗa da abin da aka ɓoye, kashin bayan labarin ke nan. An kuma jinkirta "ƙarƙashin dawa" zuwa sabon ɗango, sai mai karatu ya ɗan dakata kafin ya ji zurfin ɓoyon. Masana na kiran tsallakar magana daga wani ɗango zuwa wani saɓi-zarce, amma ba laifi yaro ya ga aikin abin tukuna kafin a ba shi sunansa.

Ƙofofin shiga halin tauraro ba su da yawa: abin da ya faɗa, abin da ya aikata, abin da wasu suka ce a kansa, da abin da ya ɓoye. A waƙar Hausa akwai ƙofa ta musamman, ita ce kirari da zambo da habaici. Idan mawaƙi ya kira ɗan dambe da sunan wata dabba, tambayar da ta fi "wane irin adon harshe ne wannan" amfani ita ce: wane hali na dabbar ake nufi, kuma me ya faru a labarin da ya gaskata shi? Ta haka kamance da siffantawa da dabbantarwa ke daina zama sunayen hadda.

Idan labarin dogo ne, ana bin tauraro daga darasi zuwa darasi. Hanya mai sauƙi ita ce kowane ɗalibi ya ware shafi a littafin rubutunsa ya raba shi biyu, dama ya rubuta ɗangon, hagu ya rubuta abin da ya nuna na hali. Bayan mako uku ko huɗu shafin da kansa zai nuna ko tauraron ya sauya, da inda sauyin ya fara. Aikin rubutu na ƙarshe ba sai ya yi tsawo ba: jimla ɗaya ta hukunci, ɗango biyu na shaida, da bayanin yadda shaidar ta kai ga hukuncin. Wasu malamai kan ƙara da cewa yara su tsara baiti biyu da muryar wani tauraron, misali Inna ta faɗi abin da ta gani. Wanda bai fahimci halin Inna ba ba zai iya ara mata baki ba, don haka wannan ma gwaji ne.

Karin harshe

Yaran Jega da Aliero da Maiyama da Hausar yamma suka tashi, inda ake cewa munka da sunka da anka, ana cewa wanga da wagga, ana cewa yat tahi da tac ce. A darasin rubutun insha'i ana ja musu jan biro a kan waɗannan, domin daidaitacciyar Hausa ta ginu ne a kan karin Kano. A darasin waƙa lamarin ya juye. Waƙoƙin ƙarni na 19 da na makaɗan Sakkwato da Zamfara da Kabi cike suke da wannan kari, har mawaƙan gabas kan ari munka da sunka don ma'auni ya daidaita. Abin da yaron Kano zai nemi a fassara masa, yaron Jiga Birni a gida yake jin sa. Malamin da ya gane haka zai bar ɗalibai su yi wa juna fashin baƙin kalmomi, ya kuma nuna musu cewa kari ma alama ce ta hali: in marubuci ya sa wani tauraro ya yi Sakkwatanci wani ya yi Kananci, da gangan ya yi. Amsar jarrabawa dai da daidaitacciyar Hausa za a rubuta ta, ɗangon da aka kafa hujja da shi kuma a bar shi yadda mai shi ya tsara.

Inda ra'ayoyi suka saɓa

Masu goyon bayan hadda suna cewa waƙar Hausa don kunne aka yi ta, kuma da hadda 'yan taru, wato ɗalibai mata na Nana Asma'u, suka kai ilimi ƙauyuka. Yanka waƙa gunduwa-gunduwa yana kashe daɗinta. Akwai gaskiya a nan, kuma malamin da ya hana rerawa ya yi asarar rabin kayan aikinsa, tun da a murya ake jin inda ma'auni ya nauyaya kalma. Sai dai hadda ba ta tabbatar da fahimta, kamar yadda duk wanda ya ji yara na rera ƙasidar Larabci ya sani. Abin da ya fi dacewa shi ne rerawa ta buɗe darasi, nazari ya biyo, haddar ta zo daga baya ga baitocin da aka riga aka fahimta.

Saɓani na biyu tsoho ne a fagen nazari ko'ina: a tsaya kan matani kaɗai, ko a fara da tarihin mawaƙi da zamaninsa? Hanyar da aka saba a makarantun Hausa tana farawa da tarihi, wani lokaci har ya cinye darasin. Hanyar Richards ta cire shi gaba ɗaya. Ga ɗan aji biyu, kowanne ya yi tsauri. Ba za a gane waƙar jihadi ba in ba a san mene ne hijira ba, amma shekarar haihuwar mawaƙi ba ta buɗe ko baiti ɗaya. Gwargwadon da matanin ke buƙata shi ne ma'auni.

Na uku ya fi zafi, shi ne wace waƙa ta dace. Nazarin hali yana buƙatar tauraro mai rauni, mai kuskure, wanda za a yi gardama a kansa. Waƙoƙin sira da na mujaddadai ba a shiga cikinsu da wannan niyya, kuma iyaye ba za su yarda a sa yaro ya auna laifin magabaci ba. A irinsu abin da ake nazari shi ne yadda mawaƙi ya gina girman wanda yake yabo, da yadda ya zana abokan gaba. A ɗaya gefen, waƙoƙin da suka fi kowa iya zana mutum sau da yawa su ne masu magana a kan karuwai da mashaya da ɓarayi. Masana irin su Aliyu Muhammadu Bunza sun yi nazarin waƙoƙin Gambo a matakin jami'a, amma kawo su gaban ɗan shekara 13 wani abu ne daban, kuma ko 'Yar Gagara, duk da cewa faɗakarwa ce, harshenta ya fi dacewa da babbar sakandare. Masu cewa a kawo su suna kafa hujja da cewa yaran na jin abin da ya fi su a wayoyin hannu, gara su koyi tambayar waƙa da a bar su suna haɗiya. Masu ƙi suna cewa abin da makaranta ta ɗora a allo ta sa masa hannu ke nan. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi: waƙoƙin noma da dambe da sukuwa da raha, da zaɓaɓɓun baitoci daga dogayen waƙoƙi.

Akwai kuma masu ganin duk wannan wahala a darasin Ingilishi ya kamata a yi ta, tun da da shi ake cin sauran jarrabawa. Amma yaron da ke fama da gane ma'anar jimla ba shi da sauran ƙarfin neman abin da ke ƙarƙashinta. Dabarar kafa hujja da matani in an koye ta da harshen da yaro ke mafarki da shi, tana bin sa zuwa kowane harshe.

Abin da ka iya biyo baya

Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne sabo da tambayar "ina shaidarka", wadda ke aiki a darasin tarihi da na addini da na kimiyya, da kuma wajen tace saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Yaran da karatu ke yi wa nauyi kan sami ƙofar shiga, tun da ɗango shida ba su da ban tsoro. Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyya: wanda ya zauna ya auna dalilin da ya sa yaron misalin nan ya ɓoye takalmi ya fara koyon jinkirta hukunci a kan mutane.

Illolin ma a bayyane suke. Hanyar tana cin lokaci, malamin da ya yi mako biyu kan baiti goma zai iya kasa gama manhaja. Tana iya zama sabuwar hadda in aka mai da matakan karatun uku wani jeri da ake kwafa. In an matsa da yawa yara kan fara ganin asiri a kowace kalma, har inda mawaƙi amsa-amo kawai yake nema. A aji mai cunkoso kuma 'yan gaba biyar ne za su yi ta magana, sai fa in an raba yara rukuni-rukuni an ba kowane rukuni baitinsa.

Ɗorewar abin ta rataya ne a wurare uku da ke wajen aji. Cibiyoyin horar da malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da sassan Hausa na jami'o'i, su ne za su iya sa malami ya gwada wannan karatu da kansa kafin ya tsaya gaban yara. Masu tsara jarrabawar jiha za su iya sa tambaya ko da guda ce da ke kawo baitocin da ɗalibi bai taɓa gani ba ta nemi hali da hujja. Marubuta kuma suna da giɓin da za su cike, domin ƙagaggen labari a waƙe da aka rubuta musamman don 'yan ƙaramar sakandare, mai taurari sa'anninsu da harshen da iyaye za su aminta da shi, shi ne kayan aikin da malamin Hausa ya fi rasa. Kafin a samu, abin da ke hannu shi ne zaɓen baitoci daga waƙoƙin da ake da su, da waɗanda malami da ɗalibansa za su tsara a kan allo.